Gangunan Albarushin Are Latosa



Tun bayan rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairun 2021 wata magana ta shigo unguwar nan, har yau kuma ba ta fita ba. Ba a yin ta a fili. Sai bayan isha'i in majalisa ta rage mutum huɗu ko biyar, ko a tasha ana jiran a gama lodi, za ka ji wani ya sassauta murya ya ce, "Malam, ni fa ina ganin ya kamata kowane gida ya yi tanadi. A nemi ƙarfe a ajiye, a sayi harsashi tun yana samuwa, don ranar da abu ya ɓaci ko da kuɗinka ba za ka samu ba." Masu wannan magana ba mutanen banza ba ne. A cikinsu akwai wanda rumfarsa ta ƙone da kayansa a ciki, akwai wanda ya kwana da iyalinsa a tsakar gidan Sarkin Shasha bai san abin da gari zai waye da shi ba. Wanda ya ga haka da idonsa, in ya yi maganar tanadi, dole a saurare shi.

Mu kuma 'yan kasuwa ne, tanadi sana'armu ce. Mun san a sayi albasa da kaka a jira ta yi tsada, mun san a lulluɓe goro da ganye a riƙa duba shi kada ya lalace. Saboda haka muka ce bari mu auna wannan shawara yadda muke auna kowace haja: wa ya taɓa yin ta, nawa ya zuba, me ya samu? Ba mu yi nisa ba, don garin nan da muke zaune, Ibadan, Badun ɗinmu, ya taɓa yin irin wannan tanadi a 1877, kuma ya yi shi da ƙarfin da duk Sabo in ta haɗu ba za ta kamanta ba. Labarin yana cikin littafin tarihin Yarbawa na Samuel Johnson da aka buga a 1921. Shi Johnson ɗin ganau ne, don yana cikin 'yan saƙon da suka yi ta kai da komowa wajen sulhu.

Gari mai bindiga, ba shi da bakin teku

Badun ta fara ne da zama sansanin mayaƙa wajen 1829, zamanin da tsohuwar daular Oyo, wadda kakanninmu ke kira Katunga, take wargajewa. Ƙarfin Katunga doki ne, dawakin kuma daga wajenmu ake kawo su. To da mutane suka gangaro kudu suka shiga kurmi sai doki ya rage amfani, don ƙudan tsando ba ya barin sa ya daɗe, ga duhuwar itatuwa ba filin sukuwa. Sai bindiga ta maye gurbinsa. Ijebu ne suka fara nuna wa sauran Yarbawa aikinta a yaƙin Owu, saboda su ke kusa da teku suna ciniki da Turawa. Wajen 1840 mayaƙan Badun suka karya rundunar dawakin Ilori a Osogbo. Daga nan sunan Badun ya fita, garuruwa suka riƙa biyan ta haraji har cikin ƙasar Ijesha da Ekiti.

Bindigar wancan zamani ita ce wadda muke kira bindigar toka, irin ta maharba: a ɗura albarushi ta baki, a tura abin harbi, a danna da sanda, ƙanƙara ta ƙyasta wuta ta tashi. Maƙeran gari suna gyara ta in ta lalace, suna kuma yanka ƙarfe gutsu-gutsu ya zama harsashi. Albarushin da ake yaƙi da shi kuwa jiragen ruwa ke kawo shi daga Turai cikin ƙananan ganguna. Takobi uba kan bar wa ɗansa, albarushi kuwa harbi ɗaya abin da ka ɗura ya tafi. In ya sha laimar damina sai ya dunƙule ya ƙi tashi. Garin da ke da dubban 'yan bindiga yana bukatar ganguna su riƙa shigowa kullum, kamar dai yadda kasuwar Bodija ke bukatar motocin Arewa.

Nan matsalar Badun take. Tsakaninta da Ikko kusan kilomita 130 ne, amma ba ta da ko taku ɗaya a bakin ruwa. Manyan hanyoyi biyu ne. Ɗaya ta bi ta Abeokuta da kogin Ogun, tana hannun Egba. Ɗaya ta bi ta ƙasar Ijebu, su kuma Ijebu ba sa barin baƙo ya ratsa ƙasarsu da kaya. Mutumin Badun ya tsaya a kasuwar Oru, mutumin Ikko ya tsaya a Ejinrin a bakin ruwa, su ne a tsakiya. Mu da muka san aikin mai gida da dillali ba sai an yi mana dogon bayani ba. Egba da Ijebu suna son manja da bayin da Badun ke kawowa, amma suna tsoron ƙarfinta. Sai suka ɗauki dabara: gishiri da tufafi su wuce, albarushi kuwa a riƙa ƙayyade shi, in rigima ta taso a tsayar da shi ɗungurungum.

Badun ta ɗanɗana wannan a yaƙin Ijaye da aka fara a 1860. Egba suka goyi bayan Kurunmi mai Ijaye, Ijebu suka toshe nasu ɓangaren, sai da Badun ta riƙa neman albarushi ta doguwar hanyar Bini. Ta ci Ijaye a 1862, amma manyanta sun riƙe abu ɗaya a rai: kada yaƙi ya sake samun su rumbu ba albarushi.

Bashin Iyalode

Kafin mu zo kan babban tanadin, akwai labarin da ya kamata kowane ɗan kasuwa ya sani. Albarushi da kuɗi ake sayen sa, sarakunan yaƙi kuma ba kasafai suke da kuɗi a hannu kafin fita ba. Attajirai ke ba su bashi, in an dawo da ganima a biya. Babbar mai wannan harka a Badun mace ce, Efunsetan Aniwura, Iyalode ta gari, wato shugabar mata 'yan kasuwa. Tana da gonaki da bayi masu yawa, tana kuma cinikin bindigogi da albarushi.

A 1871 Momoh Latosa ya zama shugaban Badun da sarautar Are Ona Kakanfo. Musulmi ne, jarumi ne, kuma mutum ne da ba ya gajiya da fita yaƙi. Masana tarihin garin sun ce bashi ya taru a kansa da kan yaransa ba a biya ba, sai Iyalode ta ɗaure bakin jaka. A 1874 aka tuɓe ta daga sarauta, cikin laifuffukan da aka lissafa mata har da cewa ba ta aika wa runduna guzuri ba. A wannan shekarar aka kashe ta a gidanta. Labarun gari suna ambaton tsananinta ga bayinta, amma abin da ya shafe mu a nan shi ne, ɗan kasuwa yana iya shiga cinikin makami da masu ƙarfi da son ransa, ranar da ya ce ya daina kuwa sai su ɗauke shi abokin gaba.

Tafiyar Bokofi

Alafin Oyo Adelu kafin rasuwarsa ya sayi albarushi mai yawa a Porto Novo, garin da Yarbawa ke kira Ajashe, a Jamhuriyar Benin ta yau. An taho da kayan har wani wuri da ake kira Bokofi, suka maƙale a can, don tsoron Dahome da Egba ya hana a ƙaraso da su. A 1877 Latosa ya tashi runduna guda ta je ta ɗauko su. Aka dawo Badun da ganguna niƙi-niƙi. In ka duba ta fuskar ciniki dabara ce mai kyau: an kewaye dillali, an samo kaya kai tsaye, an cika rumbu kafin a rufe kasuwa.

Sai dai tanadin makami yana da wani hali da tanadin hatsi ba shi da shi. In maƙwabcinka ya ga kana shigar da buhunan masara zai ce Allah Ya sa albarka, wataƙila ma ya zo rance. In ya ga gangunan albarushi, tambaya ɗaya zai yi wa kansa: wa za a harba? Egba sun ga runduna ta buɗe hanyar da za ta kwance riƙon da suka yi wa Badun. Suka rufe tasu hanyar, har gishiri suka hana. Latosa, da yake rumbunsa cike yake, bai ga dalilin lallashi ba. A tsakiyar 1877 ya fara kai hari gonakin Egba, yana ganin gajeren yaƙi ne da zai kawo ƙarshen duk rigingimu. Awujale na Ijebu ya bi bayan Egba, shi ma ya rufe. Kun ga ke nan, ƙarancin da aka yi tanadin dominsa, tanadin ne ya gaggauto da shi.

Da garuruwan gabas suka ga Badun ta shagala a kudu sai suka motsa. Dama sun gaji da ajele, wato wakilan da Badun ke ajiyewa a garuruwansu suna karɓar haraji suna cin zarafin mutane. A 1878 Fabunmi na Okemesi ya fara tawaye, Ekiti da Ijesha da Ila suka haɗa kai, haɗakar da aka sani da Ekitiparapo, Ilori ma ta shigo. A watan Nuwamban shekarar Badun ta yi musu mummunan kaye kusa da Ikirun, mutane da yawa suka nitse a kogin Otin, shi ya sa ake kiran wannan karo Jalumi, wato faɗawa ruwa. Amma nasarar ba ta kashe wutar ba. Rundunonin biyu suka kafa sansani cikin duwatsu suna kallon juna, Badun a Igbajo, Ekitiparapo a Imesi-Ile. Ogedengbe na Ilesha ya zo ya karɓi jagorancin Ekitiparapo, Latosa da kansa ya taho fage a 1880. Badun ta wayi gari tana yaƙi gabas da arewa da kudu, manyan hanyoyinta na teku duk a rufe.

Sabuwar bindiga

Ana cikin haka sai zamani ya wuce kayan da aka tara. 'Yan asalin Ijesha da Ekiti mazauna Ikko, da yawansu 'yantattun bayi ne da suka dawo daga Saliyo da Barazil, suka kafa ƙungiya suna nema wa 'yan'uwansu makamai. Suka bi ta hanyar gabas, wadda Gwamnan Ikko Glover ya buɗe a farkon shekarun 1870: a bi ruwa daga Ikko zuwa ƙasar Ilaje, a hau tudu ta Ondo, a ɓullo Ilesha. Wajen 1881 bindigar Snider ta fara isa sansanin Ekitiparapo ta nan.

Snider bindigar sojan Ingila ce. Sun fara riƙe ta a 1866, da suka sami wadda ta fi ta sai tsofaffin suka bazu kasuwannin duniya. Ta gindi ake sa mata harsashi, harsashin kuma a haɗe yake, albarushi da dalma da abin tayar da wuta duk cikin kwanso ɗaya. Kafin mai toka ya gama ɗuri ɗaya, mai Snider ya yi harbi da yawa, kuma daga nisan da toka ba ta kaiwa. Ƙarar bindigogin da amsa-kuwwarta cikin duwatsu ita ta ba yaƙin sunansa, Kiriji. Mayaƙan Badun da suka saba su matsa kusa su yi harbi, sai ga shi ana ɗauke su tun daga nesa.

Gangunan albarushi ba su da maganin wannan. Dole Badun ita ma ta koma neman Snider, da tsadar gaske, a kasuwar da abokan gabarta ke riƙe da ƙofarta. Tarihin garin yana tunawa da Omosa, 'yar Basorun Ogunmola, attajirar da ta zuba dukiyarta wajen samo su. Sabuwar bindigar kuma ta zo da nata takunkumin. Ta toka in dalma ta ƙare maƙeri zai yanka maka ƙarfe. Snider kuwa in harsashinta ya ƙare ta zama sanda, don ba a yin irinsa a Badun ko Ilesha, sai an jira jirgi. Wato duk ɓangaren da ya ƙara ingancin makaminsa, ya ƙara shiga hannun mai riƙe da hanya.

Abin da ya ba Badun numfashi ciniki ne. Su kansu Ijebu rufe hanyar ya cuce su, don dillali in ba mai saye da mai sayarwa yunwa zai ji. Mayaƙansu da ke zaune a Oru da 'yan kasuwarsu suka gaji, suka juya wa Awujale Fidipote baya, wajen 1883 ya bar gari ya koma Epe, aka sake buɗe ciniki da Badun. Latosa ya rasu a sansani a 1885 bai ga ƙarshen yaƙinsa ba. A 1886 gwamnatin Ikko ta shiga tsakani, Samuel Johnson da Charles Phillips, dukansu malaman coci ne Yarbawa, suka yi ta yawo da takardu tsakanin sansanoni. Ranar 23 ga Satumba aka shelanta sulhu, Badun ta yarda Ekiti da Ijesha sun fita daga hannunta, aka watse daga Kiriji. Ta ɓangaren Ilori kuwa wuta ba ta mutu ba. Rundunarta, ƙarƙashin Balogun Gambari Karara, shugaban yaƙi na unguwar mutanenmu a Ilori, ta yi wa Offa zobe, ta Badun kuma ta tsaya a Ikirun, aka ci gaba da zaman doya da manja har 1893.

Wanda ya kwashi riba

Shekara 16 ke nan daga tafiyar Bokofi. A tsawonsu 'yan kasuwar Ikko, Turawa da baƙaƙe, suna sayar da makamai, suna kuma kukan cewa rufe hanya na kashe musu kasuwa. A 1890 ƙasashen Turai suka yi taro a Brussels, babban birnin Beljiyam, suka amince a hana shigo da bindigogin zamani da harsashinsu cikin mafi yawan Afirka, a bar mutanen ƙasa da bindigar toka da albarushin kasuwa. A watan Mayun 1892 Gwamna Carter ya tura runduna Ijebu da hujjar buɗe hanya. Ijebu sun yi shiri, suna da yawa, suna da Snider, sun tsaya a Imagbon sun yi faɗa na gaske. Amma Turawa sun zo da igwa da bindiga mai ruwa, cikin 'yan kwanaki suka shiga Ijebu Ode. A 1893 Carter ya zagaya ƙasar ya sallami rundunonin Ikirun da Offa, a watan Agusta Badun ta sa hannu ta karɓi Bature mazauni, Kyaftin Bower, wanda hasumiyar tunawa da shi ke kan dutsen Oke Are har yau.

A nan sunanmu ya shigo labarin, kuma gara mu faɗe shi da bakinmu. Sojojin da suka yi wa Turawa wannan aiki da yawansu 'yan Arewa ne. Tun 1863 Glover ya fara ɗaukar bayi masu jin Hausa da suka gudo Ikko daga gidajen iyayengijinsu, ya ba su bindiga, aka riƙa kiran su Hausawan Glover. Daga wannan tushe sojan Nijeriya ya fito. Suna cikin waɗanda suka shiga Ijebu a 1892, su kuma suka rako Bower Badun. Ya kamata mu sani, a tarihin garin nan an taɓa ganin Bahaushe riƙe da bindiga, kuma ba a matsayin baƙo mai neman abinci aka gan shi ba.

Can gida ma haka labarin yake. Bindigogin da ke isa ƙasar Hausa ta kudu sai sun ratsa Nupe, Etsu Masaba na Bida kuwa ya yi wa sarakunan Arewa abin da Ijebu suka yi wa Badun: ya saya daga jiragen Turawa a kogin Kwara ya tara, ya ƙayyade abin da zai wuce gaba. Duk da haka Bida ta faɗa hannun kamfanin Royal Niger a watan Janairun 1897, Ilori ta biyo baya a Fabrairu. Da aka ci Kano ranar 3 ga Fabrairun 1903, Lugard ya rubuta a rahotonsa cewa an tarar da albarushi mai yawa a ma'ajiyar sarki da harsasai wajen 20,000. Don ranar aka tara su, ranar ta zo ta wuce suna ajiye. Wanda ya fi kowa ƙoƙari a wannan fanni a Afirka ta Yamma shi ne Samori Ture, wanda maƙeransa suka kai ga ƙera bindiga da sake ɗura kwanson harsashi, har mayaƙansa na tsince kwanso bayan an tashi daga faɗa. Shi ma da Faransawa suka raba shi da hanyar Saliyo ƙarfinsa ya yi ta raguwa har suka kama shi a 1898.

Namu lissafin

Kada mu yi wa tarihi ƙarya. Ba a ci Badun da yaƙi ba a waɗannan shekaru, kuma da ba ta da albarushi da an ci ta. Wanda ya ce rauni ma yana da nasa farashin, gaskiya ya faɗa. Amma Badun ƙasa ce mai gonakinta, mai dubban mayaƙa, mai garuruwan da ke biyan ta haraji, ita ma abin da ta tashi da shi shi ne shekara 16 maza na sansani, Ekiti da Ijesha sun suɓuce, Bature ya zauna mata a gida. Mu fa? A 1916 aka yanka mana Sabo, bayan jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901 ya kai Kano a 1911, cinikin goro da shanu ya bunƙasa. Unguwa ce ta 'yan layuka a tsakiyar gari mai miliyoyin mutane. Buɗuwar hanya bayan 1893 ita ta tara kakanninmu a nan, kuma da ita muke cin abinci har yau.

Mun ma ga misali da idonmu. Bayan Shasha, 'yan kasuwar abinci da dabbobi na Arewa suka tsayar da motoci wajen mako guda, daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris 2021. Tumatir da albasa da nama sun yi tsada a nan da Ikko, gaskiya ne. Amma can gida tumatir ya riƙa ruɓewa a kwando, farashi ya faɗi, manomi ya yi kuka, mu da ke tsakiya muka zauna a rumfa ba saye ba sayarwa. Abin da ya sami dillalan Oru shi ya same mu.

Sai kuma haɗarin kayan kansu. Daren 16 ga Janairun 2024 mun ji ƙarar da ta tashi daga Bodija. Gwamnatin jiha ta ce abubuwan fashewa ne da masu haƙar ma'adinai suka ajiye a cikin gidan zama. Mutane sun mutu, gidaje da yawa sun rushe, na bayin Allah da ba su san ana ajiye komai ba. To a gidajenmu na Sabo, ɗaki goma a tsakar gida ɗaya, ga risho ga gawayi ga yara ko'ina, ina za a sa? Ga kuma doka, riƙe bindigar zamani ko harsashinta ba lasisi laifi ne mai kai mutum kurkuku. In aka sami harsashi goma a ɗakin yaro ɗaya, cewa za a yi an gano makamai a unguwar Hausawa, ba wanda zai tuna sunan yaron. Daga ranar duk mai neman hujja a kanmu ya samu, kuma tambayar da Egba suka yi a 1877 ita maƙwabtanmu na Mokola za su yi.

Shawararmu ga masu maganar tanadi, kuma da girmamawa muke yin ta don mun san abin da suka gani, ita ce a kawo tsoron fili. A kai shi gaban Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa, su kai shi fadar Olubadan da wajen hukuma tun ba a yi gobara ba. Kowace kasuwa da muke ciki, Shasha da Bodija da Akinyele, a sami dattawa daga ɓangarorin biyu masu lambar wayar juna, waɗanda za su iso wuri nan take in ɗan dako da mai shago sun yi cacar baki, don rikicin Shasha daga irin wannan 'yar rigima ya faro. Kada mutum ya zuba duk jarinsa a rumfa ɗaya. Takardun rumfa da na gida a ɗauki hotonsu a ajiye wani wuri. Yaranmu su iya Yarbanci sosai. Wanda kuma ya san an riga an shigo da wani abu gidan haya ko shago, ya sami mai unguwa ko limaminsa a asirce, a san yadda za a rabu da shi ta hannun hukuma kafin ya jawo wa layi duka.

In an sami sarari ranar Lahadi, a ɗauki yara a hau Oke Are. Daga hasumiyar Bower ana ganin garin shimfiɗe. A nuna musu ɓangaren da hanyar Ijebu take da ɓangaren Abeokuta, a ba su labarin gangunan Bokofi da abin da ya biyo baya.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya kai motocinmu gida lafiya, Ya dawo da su lafiya.